Dokokin Ƙirƙirarriyar Basira da Matsayin Harsunan Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba matakan da gwamnatoci suka ɗauka don sarrafa ƙirƙirarriyar basira, sannan a auna su da halin da harsunan Kafanchan da kewayenta suke ciki. Abin da ake nufi da ƙirƙirarriyar basira a nan shi ne manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ake horarwa da ɗimbin rubutu da muryoyi har ta iya fassara da amsa tambaya. Tun da harshe ne abincin irin wannan manhaja, duk dokar da aka yi mata ta shafi manazarcin harshe.

2.0 Matakan Ƙasashen Duniya

Ana iya kasa waɗannan matakai gida uku. Na farko shi ne doka mai hukunci. Dokar Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024, ta karkasa manhajoji gwargwadon haɗarinsu, ta haramta wasu, ta kuma wajabta wa masu manyan manhajoji bayyana taƙaitaccen bayanin abin da suka horar da su da shi. Ƙasar Sin ma ta kafa ƙa'idojin wucin gadi a watan Agusta, 2023.

Na biyu shi ne umarnin shugaba, wanda ba ya da tabbas. A Amurka, umarnin da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Oktoba, 2023, Shugaba Trump ya soke shi a Janairu, 2025.

Na uku shi ne shawara wadda ba ta tilasta wa kowa. Misalinta shi ne matsayar hukumar UNESCO ta Nuwamba, 2021, da kuma tsarin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a Yuli, 2024. Dukkansu sun ambaci kare harsuna da al'adu, amma aiwatarwa tana hannun kowace ƙasa.

3.0 Matsayin Nijeriya

Nijeriya ta kafa Dokar Kare Bayanai a Yuni, 2023, ta kuma fitar da daftarin tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a Agusta, 2024. A Satumba, 2025 aka ƙaddamar da manhajar N-ATLAS, wadda ta fara da Hausa da Ibo da Yarabanci da Ingilishin Nijeriya. Wannan zaɓi ya bi sawun sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda waɗannan harsuna uku kaɗai ya ambata tare da Ingilishi. Haka kuma, manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022 an janye ta a Nuwamba, 2025.

4.0 Harsunan Kudancin Kaduna

A wannan yanki akwai harsuna da dama na reshen Filato cikin dangin Binuwai-Kwango. Daga ciki akwai Tyap da Jju a Zangon Kataf, da Hyam a Jaba, da Gworok a Kagoro, da Fantswam a Kafanchan. Hausa ita ce harshen kasuwa, da ita kuma ake wa'azi a majami'u da masallatai da yawa. Daga nan matsaloli uku suke tasowa.

Ta farko ita ce ƙarancin rubutu. Da wuya manhaja ta koyi harshen da ba a rubuta ba. Ko da yake an buɗe Wikipedia ta Tyap a 2022, abin da aka tara bai kama ƙafar na Hausa ba. Rubutun Tyap kuma yana amfani da wasula masu layi a ƙarƙashi, kamar a̱ da i̱, waɗanda sukan ɓace wajen bugawa. Saboda haka mai jin Jju ko Hyam zai yi magana da na'ura cikin Hausa ko Ingilishi, abin da zai ƙara raba yara da harshen iyayensu.

Ta biyu ita ce mallaka. Dokar 2023 bayanan mutum ɗaya take karewa. Idan aka naɗi tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya na Bajju aka horar da manhaja da su, ba ta ba al'ummar wani haƙƙi na tarayya ba.

Ta uku ita ce zaman lafiya. Yankin ya ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Kafofin sada zumunta sun dogara da manhajoji wajen tace kalaman tunzuri, manhajar da ba ta jin harshe kuwa ba ta iya bambance zagi da gaisuwa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, a fili yake cewa dokar da ba ta ambaci ƙananan harsuna ba, mantawa da su ta yi. Ya kamata tsarin ƙasa ya ware kuɗin tattara muryoyi da rubutu, ya kuma shardanta yardar al'umma kafin a yi amfani da su. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan sun dace da wannan aiki. Daidaita ƙa'idojin rubutu da tsara ƙamusoshi kuwa nauyi ne da ya rataya a wuyan masana harshe, domin sai da su aikin injiniya zai yiwu.