Tayar Babur: Abin Da Farce Ba Ya Gaya Wa Mai Saye

Duk lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sake tayar da maganar tayoyin da wa'adinsu ya ƙare, sai gardama ta kaure a tashoshin 'yan acaɓa. Wasu su ce dabarar 'yan kasuwa ce kawai: ta yaya taya za ta mutu alhali zanenta raɗau, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba? A shagon kayan gyara kuwa gwaji ɗaya aka sani. Mai saye ya danna farce a jikin robar, in ya ji ta tauri ƙiƙam sai ya gyaɗa kai, ya ce wannan za ta yi ƙarko.

Wannan gwajin farcen ya kayar da mutane da yawa. Abin da ke taɓa ƙasa a tayar babur bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma da shi ake birki, da shi ake shan kwana. Taya na riƙe titi ne saboda robarta na da laushin da take lotsawa cikin 'yan ƙananan ramukan kwalta. Mai laushi ta fi riƙo amma ta fi saurin suɗewa, mai tauri ta fi daɗewa amma ta fi santsi. Duk wanda ya taɓa shiga banɗaki mai tayil da tsohon silifas da ya ƙandare ya san yadda abin yake. Shi ya sa kamfanoni irin su Michelin da Bridgestone ke yin taya mai roba iri biyu, tsakiya da ɗan tauri don tafiya, gefuna da laushi don kwana. Sai dai irin waɗannan na manyan babura ne. Mai Boxer ko Jincheng dole ya san cewa watannin da ya ƙara da taya mai tauri, da riƙo ya saye su, kuma ranar ruwan farko, lokacin da ƙura da baƙin mai suka jiƙe a kan kwalta, a ranar zai biya.

Wani taurin ma ba na inganci ba ne, tsufa ne. Iska da rana da zafi na busar da roba ko da tana ajiye, balle wadda aka jera a ƙofar shago tana shan ranar Afrilu. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. In ka ga 1522, an yi ta ne a mako na 15 na shekarar 2022. FRSC na cewa wa'adin taya shekara 4 ne. Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce 10. Da irin zafinmu, ni dai na fi karkata ga ƙaramin adadin, musamman in an fara ganin tsattsagewa a gefe.

Mai neman ƙarko na gaskiya ya koma kan iska da lodi. Mai faci ya buga taya da sufana ya ce "ta yi, maigida", ba awo ba ne. Iska ta yi kaɗan, taya ta yi zafi, gefunanta su cinye, kan babur ya yi nauyi. Ta yi yawa, tsakiya ta suɗe, abin da ke taɓa ƙasa ya ƙara raguwa. A auna da geji da safe kafin a hau, a bi adadin da ke littafin babur. Sannan a duba rubutu irin 3.00-17 50P. Wannan 50 ɗin na nufin kilo 190 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka. Yanzu a lissafa direba, fasinja biyu da buhun masara, kusan duka a kan tayar baya.

Samari masu cusa ƙatuwar taya a siririn wili don ado suna ɓata siffarta ne, babur ya riƙa gardama a kwana. Taya mai manyan haƙora kuma ta burji da laka ce, a kwalta sai ƙara da saurin cinyewa.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, mafi yawan tayoyinmu daga waje suke zuwa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama waɗanda aka cusa wata cikin wata don rage kuɗin kwantena, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya tun kafin ta hau wili. Tsare ɗan acaɓa a bakin titi ana karanta masa lamba abu ne mai sauƙi. Tayar dai ta wuce tashar jiragen ruwa, ta wuce dila, ta kwana a shago kafin ta iso gare shi.