Daga Littafi Zuwa Majigi: Darasin Shaihu Umar

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kanya Babba da Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa. Shirinmu na yau kan littafi ne da fim, kuma magana ɗaya muke tafe da ita: masu shirya finafinan Hausa suna da labarai jibge a littattafanmu, lokaci ya yi da za su koma gare su, su rage zuwa aro a ƙasashen waje.

Bari mu fara da Ingila. A shekarar 1946 darakta David Lean ya fitar da fim ɗin Great Expectations, wanda ya ɗauko daga littafin Charles Dickens na 1861. Labarin wani maraya ne mai suna Pip da ya tashi a gidan maƙeri, mijin yayarsa. Fim ɗin ya buɗe da yaron shi kaɗai a maƙabarta gaban kabarin iyayensa, iska tana kaɗa itatuwa, tsoro ya kama shi ya zabura da gudu, sai ya faɗa hannun wani fursuna da ya tsere da mari a ƙafa. Lean ya tattare ƙaton littafi cikin abin da bai kai awa biyu ba, fim ɗin ya ci lambar Oscar biyu, sannan a 1948 ya sake komawa ga Dickens ya shirya Oliver Twist. Ku lura, shekara 85 ce tsakanin littafin da fim ɗin. Labarin da ya yi wannan daɗewa a hannun masu karatu ya riga ya ci jarrabawa, aikin darakta shi ne ya ba shi fuska da murya.

Mu ma an taɓa yin haka a gida. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makarantar da daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Shi ma Umar maraya ne. An sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka ƙetara hamada da shi, ya yi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita a hanya, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, ta rasu jim kaɗan bayan ta ga ɗanta. Wannan labari ba baƙo ba ne gare mu, domin yankinmu yana tsakanin Kano da Damagaram ne, ɓangaren da ayarin fatake ke fuskanta a da in za su shiga Sahara. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Daga baya fim ɗin ya ɓata shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin takaici ne a ce mutanen Berlin sun kalle shi, matashin da ke zuwa wurin masu tura fim a waya a kasuwar Babura ko sunansa bai ji ba.

To, wani zai ce 'yan kallo sun fi son waƙa da rawa, labarin littafi ba zai sayu ba. Tarihin Kannywood ya amsa wannan. A shekarun 1990 an mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fim, haka Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, kuma masu karatun littattafan su ne 'yan kallon farko. Yau ma dubi yadda iyali ke zama jiran Daɗin Kowa da Kwana Casa'in mako bayan mako. Zaren labari ne ke riƙe su, kuma wannan zare shi ne sana'ar marubuci.

Wani kuma zai ce fim ɗin tarihi kuɗi yake ci: raƙuma da dawaki da tufafin da. Wannan gaskiya ne, amma rabinta. Ba kowane littafi ne ke bukatar ayari ba, yawancin littattafan marubutanmu mata a tsakar gida da zaure labarinsu yake gudana. Ko na tarihin ma, abin da Turawa ke ginawa da kuɗi mai yawa mu muna da shi a tsaye: gidajen ƙasa, da dawakin hawan Sallah, da duwatsun Kazaure da Roni, da yashin iyakar Nijar. Sannan kuɗin sayen izinin marubuci bai kai asarar fim ɗin da aka fara ɗauka ba a san ƙarshen labarinsa ba.

Ƙorafi na uku daga malamai yake fitowa, cewa in yaro ya kalli fim ba zai karanta littafin ba. Damuwa ce mai tushe, sai dai a Ingila an shirya littattafan Dickens a fim da talabijin sau da yawa, har yau kuma ana buga su ana karantar da su a makarantu. Yaron da ya ga mahaifiyar Umar tana ratsa hamada zai so ya san abin da darakta ya tsallake, daga nan sai littafi. Haɗarin da ya fi wannan shi ne mu yi shiru wasu su ba da labarinmu. Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulkin mallaka a Arewa, ya rubuta Mister Johnson a 1939, aka yi fim ɗinsa a 1990, kuma ƙasarmu ce a ciki amma da idon Bature aka kalle ta.

Don haka muna kira ga Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta fito da Shaihu Umar ga jama'a, a nuna shi a tashoshin talabijin da makarantunmu na sakandare. Furodusoshi kuma ku nemi marubuta, ku biya su haƙƙinsu, ku zauna tare a tsara. Malaman Hausa a Kanya Babba da kewaye, ku sa ɗalibai su karanta littafin tun yanzu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)