Me ke gajiyar da fastocin Cocin Adventist?

A watan Maris na shekara ta 2022, cibiyar binciken Barna da ke Amurka ta gano cewa kashi 42 cikin ɗari na fastocin Furotesta a ƙasar sun yi tunanin ajiye aiki, alhali a farkon 2021 kashi 29 ne. Fiye da rabinsu sun ɗora laifin a kan matsin aikin, wasu kuma suka ambaci kaɗaici.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a 2019 a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Alamunta uku ne: ƙarfin mutum ya ƙare, aikin ya fita daga ransa, sannan ƙwazonsa ya ragu.

Sai dai nauyin ba iri ɗaya ba ne a kowace ɗariƙa, kuma fastocin Cocin Seventh-day Adventist na da nasu yanayin. An kafa cocin ne a 1863 a jihar Michigan ta Amurka, kuma mabiyansa sun haura miliyan 20 a duniya. A Najeriya shi ne mamallakin Jami'ar Babcock da ke jihar Ogun.

A cocin Baptist, jama'ar majami'a ne ke ɗaukar fasto, su biya shi, su kuma sallame shi idan sun ga dama. Faston Adventist ya tsira daga wannan fargaba. Ana tara kashi ɗaya cikin goma na abin da mabiya ke samu a ofishin yanki, kuma daga can albashinsa ke fitowa, ko majami'arsa ta masu hali ce ko ta talakawa.

Amma wanda ke biya shi ne ke da iko. Ofishin yankin ne ke tura fasto inda za shi, kuma yana iya ɗage shi zuwa wani gari, da matarsa da 'ya'yansa da ke tsakiyar karatu. Sau da yawa ba majami'a ɗaya ake damƙa masa ba. Akan haɗa masa biyu ko uku a Amurka, a sassan Afirka kuwa adadin ya kan zarce haka nesa ba kusa ba. Kowace na da marasa lafiyarta, da jana'izarta, da rigingimun aure da ke jiran sulhu, kuma kowace na ganin ita ce aka yi wa ƙwauron lokaci.

Akwai kuma batun Asabar. Mabiya cocin kan dakatar da aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, domin hutu da ibada. Ga fasto kuwa, ranar ce mafi wahala a mako: wa'azi da safe, ziyara da tarurruka da yamma, wani lokaci har da tafiya tsakanin garuruwa. Mai koyar da jama'a hutu shi ne ba ya samu.

Limaman Katolika ma bishop ne ke tura su, sai dai da yake ba sa aure, sauyin wuri ba ya taɓa iyali. Tasu matsalar ita ce komawa gida babu abokin hira, ga kuma ƙarancin limamai a Turai da Amurka da ya sa mutum ɗaya ke riƙe majami'u da dama.