Hannun Jari Ba Albasar Tamaske Ba Ne

Daren wata Lahadi a farkon 2025, kasuwar Tawa ta watse, muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai ɗan yayata ya matso ya durƙusa kusa da ni, salula a hannu. Kabu-kabu yake yi, yaro ne mai neman na kansa, ban taɓa jin ya roƙi kowa ko dala ba. Ya ce, "Kawu, don Allah saurari wannan." Saƙon murya ne na WhatsApp. Wani mai zaƙin baki yana zuba, Hausa rabi Faransanci rabi: wai hannun jarin wani babban kamfanin kwamfuta na Amurka ya faɗi warwas, Turawa sun firgita suna zubarwa, wanda ya saya yau kuɗinsa za su ninka kafin azumi. A tura jikka hamsin ta wata lamba, a buɗe wa mutum asusu a manhaja.

Na ce, "To, kai me ka gani?" Ya ce, "Kawu, ai kamar albasa ce. Ka saya lokacin da ta zube, ka sa a rudu, ka jira."

Wannan magana ta albasa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Daga daren nan zuwa yau na ji ta a bakin malamin makaranta, na ji ta a bakin uwar adashi, na ji ta a bakin ɗan biɗa da ya kwashe shekaru a Abijan yana tallar kaya a ka. Na gaji da jin ta.

Hannun jari dai ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Kamfani ya ci riba a ba ka rabonka, darajarsa ta tashi naka ya tashi, ta faɗi ku faɗi tare. Shi ke nan.

Mai saƙon muryar bai fara da ƙarya ba, abin da ya sa ya fi haɗari ke nan. Gaskiya ne ranar 27 ga Janairun 2025 hannun jarin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari, bayan wani kamfanin Sin mai suna DeepSeek ya fito da manhajar basirar na'ura da ya ce bai kashe kuɗi masu yawa a kanta ba. A yini guda darajar kamfanin ta ragu da kusan dala biliyan 590, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Kafin nan, a ƙarshen Mayun 2024, na Dell ya sauka da wajen kashi 18 a rana ɗaya. Wasu na tambaya, to wa ya kwashe kuɗin? Babu wanda ya kwashe. In ragon da ake tayawa jikka ɗari a Badagishiri ya koma tamanin, ba ɓarawo ne ya haura maka katanga ba, tayi ne ya sauka.

Mu koma kan albasa, tunda nan ne kuskuren yake. Me ke tayar da farashinta? Manoman Tamaske da Keita da Tabalak da Galmi suna cire ta kusan lokaci ɗaya, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, buhu ya yi arha kamar a ba ka kyauta. Daga nan kullum raguwa take yi: manyan motoci suna ɗiba zuwa Gana da Abijan, damina ta shigo, ta cikin rudu, wato rumbun ajiyarta, tana ruɓewa, alhali ba gidan da ya daina miya. Dole ta yi tsada. Kalanda ce ke ɗaga ta, ba wayon mai ajiya ba. Kuma duk wanda ya taɓa buɗe rudu bayan wata huɗu ya ji warin da ke bugo hanci ya san ko a nan ɗin ba duka ake tsira da ita ba.

Hannun jari ba shi da kaka, ba shi da bazara. Idan ya faɗi, ma'anarsa dubban mutanen da sana'arsu ke nan, masu karanta littattafan kamfanin layi-layi, sun yanke cewa ribar gobe ba za ta kai yadda aka zata jiya ba. Wani lokaci tsoro ne ya ɗebe su, farashi ya dawo. Wani lokaci kuwa gaskiya suka hango, faɗuwar farko somin-taɓi ce. Kai da kake zaune a Tawa da salular da cajinta ke ƙarewa, da me za ka bambance waɗannan biyun?

Masu yaudara Apple suke kawowa misali. E, ranar 29 ga Satumbar 2000 hannun jarin Apple ya zubar da rabin darajarsa a yini ɗaya, kuma wanda ya saya ya riƙe ya yi arziki. Abin da ba sa faɗa shi ne farashin ya yi ta jan ciki har cikin 2003, iPhone ma sai 2007 ta fito. Ina wannan, ina "kafin azumi"? Nvidia ɗin kansa, kafin ya farfaɗo a tsakiyar 2025, sai da ya ƙara nutsewa a watan Afrilu. Wanda ya ci bashi ya saya a Janairu, mai bashi ya riga ya zo ƙofar gidansa kafin ribar ta iso.

Sannan ina labarin waɗanda ba su tashi ba? Commodore ya taɓa zama gagarabadau, kwamfutarsa ta 1982 tana cikin waɗanda aka fi saya a tarihi. A 1994 ya karye, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Intel, wanda sunansa ke liƙe a jikin kwamfutocin ofisoshinmu, ya faɗi da kashi 26 ranar 2 ga Agustan 2024, ya dakatar da rabon riba, ya sanar da sallamar kusan kashi 15 na ma'aikatansa. A ranar farashinsa bai kai sulusin ƙololuwar da ya kai a shekarar 2000 ba. Shekara ashirin da huɗu a rudu! Ko kuwa Nokia, da kowa a yankinmu na Adar ya san ta, mai tocila, mai faɗawa ƙasa ta tashi garas. Hannun jarinta ya haura yuro 60 a 2000, a 2012 ya sauka ƙasa da yuro 2. A kowace matakala ta wannan gangara akwai wanda ya ce "yanzu kam ya yi arha", ya saya, ya bi sahu.

Ga kuma lissafin da ɗan furamare zai iya amma kwaɗayi ke mantar da manya. Jikka ɗari in ta faɗi da rabi ta koma hamsin. Hamsin in ta tashi da rabi, saba'in da biyar ce. Sai ta ninka kanta cif kafin ka dawo inda ka taso. Maƙwabtanmu sun ɗanɗana wannan: ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000 a Maris na 2008, cikin shekara guda ya gangaro wajen 20,000, kuma da yawa cikin waɗanda abin ya rutsa da su da rancen banki suka saya.

Duk wannan fa idan da gaske hannun jarin aka sayo maka. Wanda ya tura kuɗi ta lambar mutumin da bai san fuskarsa ba, cinikin biri a sama ya yi. Lambobin da ke hawa a fuskar manhaja, wanda ya ƙera manhajar ne ke rubuta su, ko miliyan nawa ya ga dama. Damfarar MMM ta rufe asusun mutane a Najeriya a Disambar 2016. Irinta, CBEX, ta ruguje a Afrilun 2025, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan, suka kwashe kujeru, don babu abin da ya saura sai su. Riga kawai ake sauyawa: jiya zinariya, yau kamfanin kwamfuta. Na san rashin aikin yi da tsadar hatsi na cikin abin da ke tura matasa, amma ba su ne ke danna lambar ba.

Wanda ke son harkar hannun jari da gaske, ƙofa a buɗe take, kuma ba a ɓoye take ba. Ƙasashe takwas na UEMOA kasuwa ɗaya gare su, BRVM, tana Abijan tun 1998, tana da reshe a Yamai. Kamfanonin da ke cikinta ba su kai hamsin ba, akwai Sonatel ta Senegal, akwai BOA Niger tamu ta gida. Babu Dell, babu Apple, babu Nvidia. Waɗannan a New York ake cinikinsu. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayo maka su da jikka hamsin ta hanyar tura kuɗi a shagon unguwa, ka tambaye shi ta wace hanya, ka ga yadda zai fara kame-kame. A BRVM ba a saye sai ta hannun dillalin da ake kira SGI, mai lasisin hukumar AMF-UMOA. Ka nemi sunan dillalin a jerin hukumar. Ka je ofishinsa da ƙafarka, ko ka aiki ɗan'uwanka da ke Yamai ya ga gini, ya ga mutane. Ka tabbata asusun da sunanka aka buɗe shi, da katin shaidarka, ka riƙe takarda a hannu. Dillalin kirki ba zai taɓa cewa "tabbas za ka ci kaza" ba. A kasuwar nan ma doka ta hana farashi hawa ko sauka fiye da kashi bakwai da rabi a rana. In aka ce kawo mutum biyu a ƙara maka, tashi ka kaɗe rigarka. In aka ce yau ne kaɗai dama, to su ne ke sauri, ba kai ba.

Sai kuma wane kuɗi. Ba kuɗin cimaka ba. Ba abin da ɗan biɗa ya aiko daga Abijan ko Libiya don a sayi hatsi ko a rufe ɗaki kafin ruwa ya sauka ba; wannan amana ce, kuma wanda ya ci rana ya tara ta bai san kana caca da guminsa ba. Ba adashin mata ba, uwar adashi ki ji tsoron Allah. Ba kuɗin sayar da babur ɗin da ke ciyar da gida ba. Kuɗin da za ka iya mantawa da su shekara biyar ba tare da tukunya ta ji a jikinta ba, su kaɗai. Wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar kan halacci, musamman hannun jarin banki mai ta'ammali da kuɗin ruwa, ya tambayi malaminsa kafin ya saya, ba bayan ya yi asara ba. Ku kuma masu tura saƙo daga rukuni zuwa rukuni da "a yaɗa don Allah", ku sani dillancin ɓarawo kuke yi kyauta. Wanda aka riga aka cuta ya daina kunya, ya kai lambar wurin ƴan sanda, kuma kada ya ƙara tura ko dala da sunan ceto na baya.

Ɗan yayata bai tura ba, tayoyi ya sauya wa babur ɗinsa. Abokinsa da suke tasha ɗaya ya tura jikka hamsin. Har yanzu manhajar na nuna masa jikka ɗari huɗu da ɗoriya, da koren rubutu, amma an ce sai ya biya jikka ashirin kuɗin cirewa kafin a sakar masa. Makon jiya ya zo wurin ɗan yayata neman rancen ashirin ɗin.