Me Ya Tara Shirwa a Saman Unguwar Sanusi?

Idan damina ta ɗauke a Kaduna, mazauna Unguwar Sanusi kan ɗaga kai da hantsi su ga shirwa sun yi cincirindo suna kewaya sama, har wasu su fara tambayar ko wata alama ce. Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza, kuma haka shirwa take: abinci da yanayi ne suke kawo ta. Shirwar da muka saba gani, mai rawayan baki da wutsiya mai rassa biyu, 'yar ci-rani ce. Takan bi ruwan sama zuwa arewa, wajen ƙasar Nijar, idan damina ta kankama, sannan ta gangaro kudu da kaka. Kaduna tana kan wannan hanya. Kewayawar da suke yi kuwa dabarar tafiya ce: rana na gasa ƙasa da rufin kwano, iska mai zafi ta tashi, su kuma su shimfiɗa fiffike ta ɗaga su ba tare da sun wahala ba. Shi ya sa ake ganinsu a dunƙule wuri guda.

Abin da ke sa su yada zango a nan kuwa, mu ne muke tanadarsa. Mayankar Tudun Wada tana kusa, ga tarin shara, ga magudanan da ake zubar da hanjin kaza da ragowar kifi, ga ɓerayen da ke kiwo a cikinsu. Da rani, duk inda aka cinna wa ciyawa wuta a bakin kogin Kaduna, shirwa za ta bi hayaƙin tana cafke fara. Wanda taron ya dama, to juji ya kamata ya duba kafin ya dubi sama.

A ganina ma, tsuntsun da ya kamata mu yi tambaya a kansa shi ne wanda babu shi cikin taron. Dattawa sun san lokacin da ba a raba mayanka da ungulu. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a Nijar da Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekaru fiye da 30, ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji. A 2015 aka sanya ungulun gari cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa. Guba da cinikin kai da ƙafafunta don haɗa magani ne suka cinye ta. Indiya ta ɗanɗana kuɗar irin wannan rashi: maganin dabbobi diclofenac ya hallaka ungulayenta, karnukan titi suka yawaita a kan mushe, cutar haukan kare ta ƙaru, sai a 2006 aka hana ba shanu maganin. Shirwa tana rage mana wani ɓangare na aikin da ungulu ta bari, kodayake ba ta iya cinye mushen saniya.

Mai kiwon kaji zai ce shirwa ɓarauniya ce, kuma yana da gaskiya. Matar da ke lissafin kuɗin makarantar yara da 'yan tsakinta ba ta buƙatar a yi mata wa'azin kare tsuntsaye. Sai dai ɗan tsako a makonnin farko ne ya fi shiga hatsari, kuma kife shi da kwando ko tsare shi a akurki ya wadatar. Zuba guba a nama kuwa ba ya zaɓen wanda zai kashe: kare da kyanwa da hankaka duk za su ci, a unguwar da yara ke wasa a kan layi, kuma ɓerayen da shirwa take ragewa su sami sarari.