Furfurar Kyandir: Abin Da Ke Kawo Ta Da Maganinta

Idan hunturu ya kama, masu yin kyandir a gida su kan gamu da wata matsala. Mace ta narka kaki, ta zuba, ta bar shi ya kwana. Bayan kwanaki kaɗan sai ta ga fari-fari ya fito a jikinsa, kamar yadda kanwa ke tsatsowa a bakin tafki. Idan ta kai shi kasuwa, mai saye ya juya shi ya ce ya yi fumfuna, ya taya da rabin kuɗi. Mun ga haka ta faru a wani ƙauye na ƙasar Yauri, inda wasu mata suka ɗauka kayansu sun lalace, har suka yi niyyar zubarwa. Alhali kuwa kyandir ɗin lafiyarsa lau. Wannan farin, bari mu kira shi furfura, domin kamar furfurar mutum yake: yana sauya kama, amma ba cuta ba ne.

Kaki iri uku

Kyandir, wanda mu nan muka fi sani da buji, ana yin sa da kaki iri uku.

Na farko shi ne na kanti. Daga man fetur ake samo shi. Shi ba ya furfura.

Na biyu shi ne kakin waken soya. A Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1990. Ana tatsar man waken, sa'an nan a sarrafa shi a masana'anta da wata iska mai suna haidurojin har ya daskare. Saboda haka kada wani ya ruɗe ku: waken da ake awara da shi ba ya zama kaki a tukunyar gida. Sai dai a sayi kakin a hannun ƴan kasuwar manyan birane. Yana narkewa a zafin digiri 50 ko kusa da haka, kuma ya fi kowane kaki saurin furfura.

Na uku shi ne namu na gida, wato kakin zuma. Yana narkewa a digiri 62 zuwa 64. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu. Gawo kuwa da rani yake fure, lokacin da furanni suka yi ƙaranci, shi ya sa ƙudan zuma ke son sa. Amma sau da yawa mai amya ya kan matse zuma ya jefar da saƙar. Wannan asara ce babba, domin sai ƙudan zuma sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su yi kilo 1 na kaki.

Me ke kawo furfura?

Ku dubi man shanu ko man kaɗe. Idan ya narke ya sake daskarewa, wani lokaci ya kan yi tsaki-tsaki. Haka kakin waken soya yake, domin shi ma asalinsa mai ne. Yayin da yake hucewa, ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa suna jeruwa. Idan ya huce a hankali, su jeru daidai, fuskarsa ta yi sumul. Idan sanyi ya buge shi farat ɗaya, ko kuwa ya yi ta shan zafi da rana, sanyi da dare, sai ƙwayoyin su sake jeri, su fito fili fari-fari.

A kakin zuma kuwa, wani sashe ne mai taushi na kakin ke tasowa sama sannu a hankali, ya kwanta kamar ƙura. Ya kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya bayyana.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa abin ƙarfi. A watannin Disamba da Janairu, sanyin dare a jihar Damagaram ya kan sauko ƙasa da digiri 15, da rana kuma zafi ya kusa 30. Wannan hawa da sauka shi ne babban mai kawo furfura.

Yaya za a bambanta ta da fumfuna? A murza wurin da yatsa har ya yi ɗumi. Furfura za ta ɓace, kuma ba ta da wari. Fumfuna tana wari, tana da launin toka ko kore, kuma a kan kakin da ba a tace da kyau ba take fitowa, wanda ya rage da zuma ko ruwa a jikinsa.

Rigakafi ya fi magani

1. A tace kakin zuma sosai. A dafa saƙar cikin ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya kwana. Kakin zai taso sama ya daskare, sai a kankare dattin da ke ƙarƙashinsa. Ruwan sama ya fi kyau, domin ruwa mai kanwa-kanwa yana ɓata kaki. Kada a yi amfani da tukunyar baƙin ƙarfe, tana baƙanta shi.

2. A narka kaki da tukunya biyu. A zuba ruwa a babbar, a sa ƙaramar mai kaki a cikinta. Zafin kakin kada ya wuce digiri 85.

3. Kada a zuba shi da zafinsa. Kakin waken soya a bar shi ya sauko zuwa digiri 55 ko 60. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta sauke shi, ta riƙa juyawa a hankali, har ta ga ya fara barin kamar mai garau, ya soma dishi-dishi. To, lokacin zubawa ya yi. Kakin zuma shi kuma a zuba shi a wajen digiri 70, kafin ya fara kama bakin tukunya.

4. A ɗumama mazubi. A shanya kofuna ko gwangwanaye a rana kafin a zuba, a tabbata sun bushe ƙarau. Kaki mai zafi cikin mazubi mai sanyi, furfura ce tun daga ranar farko.

5. A zaɓi lokaci. Da hunturu a yi zubi da hantsi, ba da asuba ba, ba da almuru ba.

6. A bar shi ya huce a hankali. Kada a ajiye shi a kan daɓen siminti, ko bakin taga, ko kusa da randa. A jera a kan katako ko tabarma, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsu, a kife kwali a kai har kwana guda.

7. A rage launi. Furfura ta fi fitowa fili a kyandir ja ko shuɗi. A farin kyandir da ƙyar ake ganinta. Haka kuma gwangwani yana rufe abin da kofin gilashi ke nunawa.

8. A adana a cikin ɗakin ƙasa, inda zafi da sanyi ba sa saurin sauyawa, nesa da hasken rana.

Kakin waken soya yana da taushi. Da bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ya kan yi gumi. Idan aka haɗa shi da kakin zuma kaɗan, kamar kashi 1 cikin 10, zai ƙara ƙarfi. A fara gwadawa da kofi ɗaya kafin a yi da yawa.

In furfura ta riga ta fito

Kyandir na kakin zuma, a goge shi da ƙyalle mai laushi, zai koma yana sheƙi. Na waken soya, idan a sama take, a narka kaki kaɗan a malala a fuskarsa, ya rufe ta. Idan a gefen kofi take, a tsoma kofin cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, ba tare da ruwa ya shiga ciki ba, sa'an nan a bar shi ya huce a ƙarƙashin kwali. Idan ta yi yawa, a sake narkawa a sake zubi. Kaki ba ya asara.

Amma mu sani, furfura ta kan dawo bayan wani lokaci. Don haka gaskiya ita ce ta fi. A kunna ɗaya a gaban mai saye ya gani da idonsa: haskensa bai ragu ba, daɗewarsa ba ta ragu ba. A gaya masa cewa wannan fari halin kakin zuma ne da na waken soya, na fetur ba ya yin sa.

Hattara da wuta

Furfura ba ta kashe kowa, amma wuta tana kisa. Kada a ɗora kaki kai tsaye a kan murhu, kada kuma a bar shi a tafi wani aiki. Idan ya kama da wuta, kada a zuba ruwa, domin zai fantsama ya ƙara tashi. A rufe tukunyar da murfi ko a zuba yashi. A kori yara daga wurin aiki.

Idan kaki ya ƙona mutum, a riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko man goge baki, ko toka, ko kashin shanu. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko a fuska take, ko ƙaramin yaro ne ya ƙone, a garzaya asibiti.

Kyandir mai ci kuma a ajiye shi a kan faranti, nesa da gidan sauro da zana da kwalaben fetur. A kashe shi kafin a kwanta.

Ƴan uwa manoma, bana idan kun sha zuma, kada ku jefar da saƙa. Ku tara ta ku ba matan gida, ko ku sayar wa masu sana'ar. Ku kuma mata, ku gwada waɗannan shawarwari da kofi biyu: ɗaya a kan siminti, ɗaya a ƙarƙashin kwali. Bayan mako biyu ku duba bambancinsu. Gani ya kori ji.