Afuwa Bayan Ɗauri Kan Kisan Kai: Idan Shaidar Likita Ta Zo a Makare

A 2003 wata kotu a Ostireliya ta ɗaure Kathleen Folbigg bisa mutuwar 'ya'yanta huɗu, waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1989 da 1999. Ba wanda ya ga ta taɓa su. Bayan shekaru, masana ƙwayoyin gado suka gano cewa 'ya'yanta mata biyu sun gaji wata tangarɗa mai iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Masana 90 suka sa hannu a takardar roƙon a yi mata afuwa a 2021. A Yunin 2023 gwamnar jihar New South Wales ta yi mata afuwa, ta fito bayan shekara 20 a kurkuku.

Da a ce a Samaru ko Sabon Garin Zariya abin ya faru, ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana Kaduna. Sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yafe laifin da ya saɓa wa dokar jiha, ko sassauta hukuncinsa, bayan ya tuntuɓi kwamitin ba da shawara kan afuwa. Laifin tarayya kuwa na shugaban ƙasa ne, a sashe na 175. Sai dai gwamna ba alƙali ba ne. Afuwarsa tana buɗe gidan yari, amma ba ta cewa mutum bai aikata ba. Folbigg ma sai a Disamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta wanke sunanta.

Wahalarmu a nan tana kan shaidar kanta. Abin da ya ceci matar nan ɗigon jinin jariran ne, da aka ɗiba a asibiti aka adana shekara da shekaru. Mu kuwa yaro ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura, an dawo zaman makoki. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin binciken gawa, tafiyar 'yan mintoci daga Samaru, amma a ce wa uba za a yanka ɗansa, sai ya ce a bar wa Allah. Ba a ga laifinsa ba. Amma ranar da lauya zai rubuta wa kwamitin afuwa cewa ciwo ne ya kashe yaron, abin da zai haɗa da takardar bai wuce katin asibiti ba, in ma an ajiye shi.